Lauje Cikin Naɗi: Tarihin Yadda Aka Gano Inda Cutar Sikila Take Farawa

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau tarihin wani ɗan ƙaramin wuri zan ba ku, wurin da ido ba ya gani, madubin likita ma ba ya gani. Wuri ne a cikin jini inda wani furotin yake taɓa ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar mai amosanin jini, wato sikila, ya ga abin da wannan taɓawa take jawowa: ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa a yara, idanu su yi ɗorawa, ƙarin jini yau da gobe. Daga ranar da likitan Turai ya fara rubuta labarin cutar zuwa ranar da aka ga wannan wuri, shekara 65 aka yi. Ina so mu bi sawun shekarun nan tare, don a ƙarshe za ku ga cewa shawarwarin da likitoci ke ba masu sikila, har da "a riƙa shan ruwa da yawa", daga nan suka samo tushe.

Bari mu fara da menene furotin, don kada in bar kowa a baya.

Ku ɗauki carbi. Furotin kamar carbi yake, 'ya'yansa su ake kira amino asid, kuma iri 20 ne jikinmu yake amfani da su. Bambancinsa da carbi shi ne ba ya zama a miƙe. Da an gama jera shi sai ya naɗe kansa, ya dunƙule ya ɗauki wata siffa tasa ta musamman. To me yake riƙe naɗin? Taɓawa. Kowane amino asid an gina shi ne da atam-atam, abin da ake ce wa ƙwayar zarra, kuma idan carbin ya naɗe, atam na ɗa na 10 zai iya zuwa ya jingina da atam na ɗa na 90. Wasu suna jan juna saboda ɗaya yana da cajin lantarki na tarawa, ɗaya na ɗebewa. Wasu kuma halin mai ne da su, ba sa shiri da ruwa, sai su taru a tsakiya su ɓuya, kamar yadda man gyaɗa ke haɗe kansa in ka zuba shi a ruwa. Masana suna auna tazarar da ke tsakanin atam biyu da wani ma'auni mai suna angistirom. Raba milimita ɗaya gida miliyan 10, gida ɗaya shi ne angistirom. Idan atam biyu suna tsakanin kamar angistirom 4 da juna, sai a ce sun taɓa. Ku riƙe wannan, shi ne jigon labarin.

Furotin ɗin da ya shafe mu yau shi ne himoglobin, wanda yake ba jini jan launinsa, kuma yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta sassan jiki. Carbi huɗu ne a haɗe: biyu ana ce musu alfa, kowanne da 'ya'ya 141, biyu kuma beta, kowanne da 146. Jimla 574 ke nan. A cikin jar ƙwayar jini guda ɗaya akwai himoglobin kimanin miliyan 270, a cushe kamar kasuwa ranar jajibirin salla, amma duk da cunkoson ba sa manne wa juna. A mai lafiya fa ke nan.

To mu koma baya. Mutanen Afirka ta Yamma sun san cutar nan tun kafin a ba ta sunan Turanci. Likita ɗan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi tarihinta a danginsa har zuwa shekarar 1670, kuma ya nuna cewa ƙabilun ƙasarsu suna da sunayen da suke kiranta da su. Amma a littattafan likitancin Turai, sai a 1910 ta shiga. A shekarar ne likita James Herrick na birnin Shikago a Amurka ya wallafa labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada, wanda ya zo koyon aikin haƙori. Mataimakinsa Ernest Irons shi ya fara duba jinin ɗalibin a madubi tun 1904, ya ga jajayen ƙwayoyin da ya kamata su zama zagayayyu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Daga kalmar lauje a Turanci aka samo sunan da muka mayar "sikila".

A 1927 wasu masu bincike biyu, Hahn da Gillespie, suka gano wani abu mai muhimmanci: ƙwayar ba kullum take lauje ba. In an rage mata oksijin sai ta lanƙwashe, in an mayar mata sai ta warware. Amma me ke lanƙwasa ta daga ciki? Babu wanda ya sani a lokacin.

Sai aka zo kan Linus Pauling, masanin haɗa sinadarai a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya. A 1945 wani likita, William Castle, ya ba shi labarin cutar. Pauling ya yi tunani: idan oksijin ne yake kunna abin ya kashe, to ai mai ɗaukar oksijin ɗin ya kamata a tuhuma, wato himoglobin. Ya sa ɗalibinsa Harvey Itano aiki. Suka zuba himoglobin na mai lafiya da na mai sikila a ruwa, suka saki lantarki, suka ga gudun su ba ɗaya ba ne, alamar cajinsu ya bambanta. Jinin mai ɗauke da rabin cutar kuwa, wanda yau muke ce wa AS, ya nuna iri biyun a gauraye. A watan Nuwamba na 1949 suka wallafa sakamakon a mujallar Science. Wannan shi ne karo na farko da aka nuna cewa lalacewar furotin guda ɗaya tak tana iya zama sanadin cuta. Kuma ku sani, gwajin jinotayif da ake yi a asibitocinmu yau, wanda ake ba ka takarda a ce AA ko AS ko SS, jikan wannan gwaji ne na 1949.

Pauling ya nuna akwai bambanci, amma bai nuna inda yake ba. Wanda ya nemo shi Vernon Ingram ne, wanda aka haifa a Jamus, iyayensa suka gudu da shi Ingila a zamanin Hitila. A ɗakin bincike na Cavendish da ke Kambirij, Ingram ya ɗauko wani sinadari mai suna tirifsin, wanda yake yanka furotin a wurare sanannu, ya daddatsa himoglobin gunduwa-gunduwa kusan 30. Ya baza su a kan takarda, ya ja su da lantarki ta gefe ɗaya, ya ja su da ruwan sinadari ta ɗaya gefen, kowace gunduwa ta tsaya a gurbinta. Da ya kwatanta takardar mai lafiya da ta mai sikila a 1956, duk ɗigon sun zo daidai sai guda ɗaya. A 1957 ya faɗi abin da ya canza: inda ya kamata a sami amino asid mai suna gulutamik, sai aka sami wani mai suna balin. Daga baya aka tabbatar gurbi na 6 ne a carbin beta. A cikin ƙwayar gado kuwa, harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG.

Ku tsaya ku yi lissafin nan da ni. 'Ya'yan carbi 574, biyu kacal suka canza, ɗaya a kowane beta. Ta yaya wannan zai kwantar da saurayi majiyi ƙarfi yana kuka da hawaye? Jerin 'ya'yan carbin ba zai ba ka amsa ba. Sai ka ga naɗin, ka ga wa yake taɓa wa. Hausawa suka ce akwai lauje cikin naɗi, to a nan maganar ta zauna daram.

Mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa don ganin naɗin shi ne Max Perutz, shugaban sashen da Ingram yake aiki. Daga Biyana ta ƙasar Ostiriya ya zo Kambirij a 1936, ya fara aiki kan himoglobin a 1937. Dabarar ita ce a sa furotin ya daskare ya zama kiristal, kamar ƙwayar gishiri, a haska masa eksire, hasken ya tarwatse ya bar ɗigo-ɗigo a kan fim, sannan a yi lissafi a koma baya a gano inda atam suke. Ga gishiri abin da sauƙi. Himoglobin kuwa atam wajen dubu 10 ne da shi, kuma ba kwamfuta irin ta yau. Ana cikin haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. A 1940 Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, aka tura shi sansani a Kanada, kafin a sako shi ya dawo.

Sai a 1953 ya sami bakin zaren. Ya gano cewa in aka liƙa wa himoglobin atam mai nauyi irin na zaiba, ɗigon da ke kan fim suna canzawa ta yadda za a iya warware lissafin. Abokin aikinsa John Kendrew ya riga shi cin moriyar dabarar: a 1958 ya fitar da siffar mayoglobin, ƙaramin furotin da aka ciro daga naman kifin whale, furotin na farko da ɗan Adam ya ga naɗinsa. A 1959 Perutz ya ga siffar himoglobin na doki, shekara 22 bayan ya fara. A 1962 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Abubuwa biyu suka fito daga wannan aiki waɗanda suka shafi labarinmu. Na farko, an ga da ido abin da masani Walter Kauzmann ya yi hasashe a 1959: amino asid masu gudun ruwa galibi ciki suke ɓuya, masu caji kuma waje suke zama suna hulɗa da ruwa. Na biyu, himoglobin ba siffa ɗaya ce da shi ba. In yana ɗauke da oksijin yana da wata tsayuwa, in ya sauke sai carbin huɗun su ɗan murguɗa, wasu taɓawa su kwance, wasu sababbi su ƙullu. Perutz ya yi cikakken bayanin wannan a 1970.

Yanzu ku haɗa da abin da Ingram ya gani. Gurbi na 6 a bayan furotin yake, a waje. Gulutamik mai caji ne, yana son ruwa, zamansa a waje daidai ne. Balin kuwa ɗan gidan mai ne. An ajiye mai gudun ruwa a tsakiyar ruwa. Me zai yi? Zai nemi inda zai tusa kansa.

Ina yake tusawa? A 1975 aka ga amsar. A jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo, ƙungiyar Warner Love, tare da Wishner da Ward da Lattman, suka fitar da siffar himoglobin na sikila wanda ya sauke oksijin. Suka ga balin na gurbi na 6 na wannan himoglobin ya shige wani ɗan rami a jikin maƙwabcinsa. Bangon ramin amino asid biyu ne masu gudun ruwa, fenilalanin na gurbi na 85 da liyusin na gurbi na 88, duk a carbin beta. Kamar maɓalli da ƙofarsa. Abin mamaki, ramin nan kowa yana da shi, har mai AA. Abin da mai AA ba shi da shi shi ne maɓallin. Kuma ramin ba ya daidaita da maɓallin sai himoglobin ya sauke oksijin, wanda shi ne bayanin abin da Hahn da Gillespie suka gani tun 1927.

Tunda kowane himoglobin yana da maɓalli yana kuma da rami, wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, sai zare ya miƙe. A ƙarshen shekarun 1970, Stuart Edelstein da abokan aikinsa a jami'ar Cornell suka duba da madubi mai aiki da lantarki, suka ga zaren 14 ne suke tufke juna biyu-biyu su zama igiya ɗaya mai tauri. Igiyoyin nan su ke tokare ƙwayar jini daga ciki har ta zama lauje. Ƙwayar da ta yi tauri ba ta iya lanƙwasawa ta wuce ƙananan jijiyoyi, sai ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin, ciwo ya tashi. Kuma ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana aiki, sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Ga tushen ƙarancin jinin.

Wani zai ce, ta ina aka tabbatar wannan taɓawar ce mai laifi? Akwai shaidu a jikin mutane. Akwai himoglobin C, wanda ya yi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso. Shi ma gurbi na 6 ɗin ne ya canza, amma layisin ne ya shiga, mai caji ne, ba ya neman ramin, don haka ba ya tufka irin wannan igiya, ko da yake yana da tasa matsalar, musamman in ya haɗu da S. Akwai kuma wani da aka gano a Makasar ta ƙasar Indonisiya, inda alanin ya zauna a gurbin. Alanin ya fi balin ƙanƙanta, kuma masu shi ba sa yin sikila. Gurbi ɗaya, baƙi uku, sakamako uku.

Shaida mafi girma tana jikin jarirai. Tun 1948 wata likitar yara a Burukilin, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da cutar ba sa nuna ta a watannin farko. Ta danganta abin da himoglobin na ɗan tayi, wanda jariri yake zuwa da shi daga ciki, yana raguwa a hankali bayan haihuwa. Daga baya aka gane dalili: a maimakon beta, shi carbin gama yake da shi, ba shi da balin ɗin, kuma a gurbi na 87, dab da bakin ramin, gulutamin ne ya zauna inda beta yake da tiriyonin. Wannan ya sa ba ya shiga tufkar, yana ma hana ta tafiya. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa ganin alama sai yaro ya kai wata shida.

Akwai kuma maganar lokaci. A 1974, Hofrichter da Ross da Eaton a Amurka suka nuna cewa igiyar ba nan take take ƙulluwa ba, akwai ɗan jinkiri kafin ta fara. In ƙwayar ta samu ta wuce ƙananan jijiyoyi kafin jinkirin ya ƙare, ta tsira a wannan zagaye, ta koma huhu ta ɗauki oksijin. Kuma suka ga ɗan ƙarin kauri kaɗan a cikin ƙwayar yana gajarta jinkirin ƙwarai da gaske. To kun ga dalilin da ya sa ake ce wa mai sikila ya kiyayi ƙishirwa, ya kiyayi zazzaɓi da sanyi mai tsanani da wahalar da ta wuce kima. Kun kuma ga dalilin da ya sa mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau: himoglobin S ɗinsa bai kai rabi ba, an sirka shi da na A, maɓallan ba sa samun juna da sauri.

Magungunan zamani ma kusan duk a kan taɓawar nan suke yaƙi. Haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, yana ƙara himoglobin na ɗan tayi a jini. Wani magani mai suna voxelotor, da aka amince da shi a 2019, yana riƙe himoglobin a siffarsa ta mai oksijin don kada ramin ya daidaita, amma a watan Satumba na 2024 aka janye shi daga kasuwa saboda damuwa kan lafiyar masu shan sa. A watan Disamba na 2023 Amurka ta amince da hanyoyi biyu na gyaran ƙwayar gado. Casgevy yana sake kunna himoglobin na ɗan tayi. Lyfgenia kuwa yana ba jiki sabon beta wanda aka sa wa gulutamin a gurbi na 87, wato an kwaikwayi dabarar jikin jariri. Farashinsu a lokacin da aka amince da su? Dala miliyan 2.2 da dala miliyan 3.1 ga mutum ɗaya.

A nan ne labarin ya dawo ƙofar gidanmu. Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. Ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Dalilin yawan nan Anthony Allison ya nuna shi a Gabashin Afirka a 1954: mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka inda sauro ya yi yawa, balin ɗin nan ya yi ta wucewa daga kaka zuwa jika. Ba laifin kowa ba ne, ba asiri ba ne, ba kuma mayu ba.

Ni a ganina, darasin tarihin nan a fili yake. Maganin dala miliyan 2 ba zai iso yawancin gidajenmu nan kusa ba, amma gwajin da ya samo asali daga aikin 1949 yana nan a asibitocinmu, kuɗinsa kuma bai kai na ɗinkin anko ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma jinotayif yana ciki. Shawarata ga samari da 'yan mata ita ce kada ku jira sai an kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu. Ku san naku tun yanzu, ku yi a wurin da aka amince da shi, in kuna shakka ku maimaita.

Waɗanda kuma suke rayuwa da ita, da iyayen da ke dawainiya da su, Allah ya ba ku lafiya da juriya, ya saka muku da alheri. Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar sikila ta duniya, amma kada mu jira ta kafin mu ba da gudummawar jini.

Ku faɗa mana a ƙasa, kun san jinotayif ɗinku? A wane shekaru kuka sani? Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.